Wa Zai Kauce Wa Wa a Kan Ruwa? Abin Da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Riƙe Jirgi

Jama'a hawa jirgin ruwa don shaƙatawa fa ya shigo mana sosai yanzu. Ka je tafkin Jabi a Abuja ranar sallah ko ƙarshen mako ka ga layi, haka dam ɗin Tiga, haka 'yan uwanmu na Legas da ke ɗaukar fulayin bot zuwa Tarkwa Bay, ga kuma 'yan Yamai da ke shiga kwalekwale su bi kogin Neja kallon dorina. Wani haya yake yi, wani ya sayi nasa, wani kuma direban ne zai ga an biya shi da kyau sai ya ce oga zo ka ɗan taɓa mana. Toh nan ne hankalina yake tashi, domin mutum zai riƙe jirgi mai injin ƙarfin doki 75, ga matarsa ga 'ya'yansa a ciki, amma in ka tambaye shi idan wani jirgi ya tunkaro ka ta ina za ka kauce, sai ya tsaya yana kallonka.

Ruwa ba filin Allah ta'ala ba ne da kowa zai bi inda ransa ya so. Akwai dokokin kauce wa karo da hukumar IMO ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda hedkwatarta ke Landan, ta amince da su a 1972 suka fara aiki a 1977, matuƙa suna ce musu COLREG. Asali don teku aka yi su da ruwayen da manyan jiragen teku ke iya shiga, amma ƙasashe da yawa a kansu suka ɗora dokokinsu na koguna da tafkuna. A Najeriya hukumar NIWA ce ke kula da ruwayen cikin gida, an kafa ta 1997 babban ofishinta na Lokoja, Legas kuma tana da tata LASWA. Saboda haka abin da zan faɗa maka nan tushe ne, in ka je wuri sai ka ƙara da tambayar masu wurin, ina aka hana zuwa, ina aka ce a rage gudu.

Abu na farko da nake so ya zauna maka a kai, jirgi ba mota ba ne, ba shi da birki, ka saki mai zai ci gaba da tafiya da kai, ruwa na jansa iska na turinsa, kuma in ka karya kwana bayansa ne yake zamewa gefe ya yi shara. Shi ya sa dokar ba ta ba kowa hanya kyauta ba. Duk lokacin da jirage biyu za su haɗu ta ɗora wa ɗaya aikin kaucewa, ɗayan kuma ta ɗora masa aikin riƙe hanyarsa da gudunsa yadda suke don mai kaucewar ya san me zai kauce wa. Dukkansu aiki ne. Kuma shi mai riƙe hanyar in ya ga wancan ba shi da niyyar kaucewa dole shi ma ya yi wani abu, ba zai je ya daki mutane ya dawo yana cewa ai hanyata ce ba, doka za ta kama shi kamar yadda za ta kama wancan.

Kafin ma a zo maganar wa zai kauce sai ka ga jirgin tukun. Dokar ta ce kowane jirgi a kowane lokaci a kasance ana sa ido ana kasa kunne, kuma wallahi karo da yawa daga nan yake farawa, ba daga rashin sanin dama da hagu ba. A 1989 a kogin Tems na Landan wani jirgin shaƙatawa mai suna Marchioness ya kwashi matasa suna fati cikin dare, wani babban jirgin yashi Bowbelle ya biyo su ta baya ya hau su, mutum 51 suka mutu, binciken da aka yi ya nuna duka jiragen biyu babu wanda ya sa ido yadda ya kamata. Toh kai ma ka dinga waiwaye. Ka rage kiɗa yadda za ka ji ƙarar wani inji ko ihun mutum. In fasinja ya zauna a goshin jirgi ya tare maka gani ka ce ya matsa, ko da Alhajin da ya biya kuɗin man ne, ka ce ranka ya daɗe a ɗan koma baya in riƙa ganin gabana. Kuma fulayin bot in ka ba shi wuta goshinsa ɗagawa yake yi sama na 'yan daƙiƙoƙi ya rufe maka gaba ɗungurungum, ka tabbatar gabanka fayau yake kafin ka ƙara mai. Waya kuwa ta zauna a aljihu, a ba wani ya yi bidiyon.

Gudun da ya dace shi ne wanda in abu ya ɓullo za ka iya tsayawa ko kaucewa cikin nisan da idonka ke kaiwa. Yi lissafi ka gani, jirgi mai gudun kilomita 40 a awa yana cin wajen mita 11 duk daƙiƙa, in ku biyu ne kuna fuskantar juna mita 22 kenan, tazarar mita 200 da kake gani kamar da sauran nisa cikin daƙiƙa 9 ta ƙare.

Akwai wata dabara da duk matuƙi ya kamata ya iya, ita ce gane ko za ku yi karo tun kuna nesa. Ka hango jirgi yana zuwa ta gefe, toh ka daidaita shi da wani abu a jikin naka jirgin, ƙarfen rumfa ko bakin gilashi, kar ka motsa kanka, ka ci gaba da kallo. In ya zame ya yi gaba da ƙarfen nan zai wuce ta gabanka, in ya zame baya kai za ka wuce ta gabansa. Amma in ya tsaya cak a saitin ƙarfen kuma yana ta ƙara girma, toh wuri ɗaya za ku iso lokaci ɗaya, tun yanzu ka fara shiri.

Haɗuwar jirage masu inji iri uku ce. Ta farko gaba da gaba, ita ce mafi sauƙi kuma babu babba babu yaro, kowa ya karya dama, ku wuce hagunka na kallon hagunsa. Sai dai ka yi shi da wuri kuma ka yi shi da girma yadda wancan zai gani da idonsa cewa ka juya. Wannan ɗan lanƙwasa kaɗan kaɗan ɗin da mutane ke yi shi ne masifa, kai kana ganin ka kauce shi kuma bai ga komai ba, sai ya tsorata ya yanke ta hagu ku haɗu a tsakiya.

Ta biyu giciye, nan mutane suka fi ruɗewa. Jirgin da ya fito maka ta hannun damanka kai za ka kauce masa, shikenan. Yadda za ka kauce kuma ka rage gudu ko ka karya dama ka bi ta bayansa, kar ka ce bari in ƙara wuta in riga shi wucewa, wannan tseren ba a cinsa kullum. In kuma kai ne ka fito masa ta damansa, wato kana ganinsa a hagunka, riƙe hanyarka da gudunka kar ka yi ta wasa da mai, amma idonka na kansa. Ka ga ya matso bai rage ba bai juya ba, yi masa hon biyar gajeru a jere, har yanzu shiru, toh ka kauce da kanka, ka rage ko ka karya dama. Kar ka kuskura ka karya hagu wajensa, domin in ya farka a makare abin da zai yi shi ne ya karya damansa don ya bi ta bayanka, kai kuma ka juyo ka kawo masa kanka daidai inda zai bi.

Ta uku wucewa. Duk wanda ya zo daga baya zai wuce wani, nauyin kaucewa gaba ɗaya a kansa yake, ko wane irin jirgi ne shi, kuma nauyin ba ya sauka sai ya wuce ya yi nisa sosai, ba wai yana kai goshinsa gaba ya yanko ya shiga gaban mutum ba. In kana kokwanto wucewa nake ko giciye, ɗauka wucewa kake ka ba shi fili. A watan Mayun 2019 a birnin Budafes na ƙasar Hungari wani dogon jirgin yawon buɗe ido Viking Sigyn ya zo ta bayan wani ƙaramin jirgi a kogin Danub daidai ƙarƙashin gada ya buge shi, mutum 35 ne a ciki yawancinsu 'yan Koriya ta Kudu, 7 kacal suka tsira. Ƙarƙashin gada, kan kwana, wuri mai matsi, duk ba wurin wuce mutum ba ne, yi haƙuri ku fita fili. Kai kuma da ake wucewa kar ka ga an zo wuce ka zuciya ta ɗebe ka ka ƙara wuta.

Wannan duk tsakanin masu inji ne. In jiragen ba iri ɗaya ba ne ƙa'idar ita ce wanda ya fi iya juya jirginsa shi ke kauce wa wanda bai iya ba. Jirgin da injinsa ko sitiyarinsa ya mutu kowa kauce masa yake, sai wanda aikin da yake yi ya ɗaure shi kamar mai yasar ƙasan kogi ko mai jan wani babban abu, sai masu kamun kifi da taru a ruwa, sai jirgi mai ƙyalle wanda iska ke turawa, kai mai inji kai ne a ƙarshen layi, kusan kowa kai za ka kauce masa. Amma wanda ya fito shaƙatawa ya jefa fatsarsa ɗaya yana ja a baya ba ya cikin masu kamun kifin da doka take nufi, shi ma mai inji ne kamar kowa. Haka mai ƙyalle in ya tada injinsa ya zama mai inji ko da ƙyallen na sama.

Masu ƙyalle ba su da yawa a wajenmu, amma a Legas akwai su, ƙungiyar Lagos Yacht Club tun 1932 take, kuma wanda ya je karatu ko aiki waje zai iya samun kansa a ciki. Su tsakaninsu iska ce alƙali. Wanda iska ke bugo masa ta hagu shi ke kauce wa wanda take bugo wa ta dama, in kuma duk ta gefe ɗaya take bugo musu, wanda ya fi kusa da inda iskar ke fitowa shi zai kauce. Yadda za ka gane kuwa ka dubi babban ƙyallen, in ya kumbura ya faɗa dama toh iskar ta hagu take zuwa. Kai mai inji ka sani mai ƙyalle ba ya iya tafiya kai tsaye cikin iska, sai ya yi ta yanka dama da hagu, don haka in ka ga ya juyo ba zato, ba iskanci yake maka ba, ka bar masa fili ka bi ta bayansa.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe, wato kwalekwale da masunta, domin su za ka fi haɗuwa da su a ruwayenmu. Kai wasa ya kawo ka, shi abincin gidansa ya fito nema. Mai filafili ko mai gora ba zai iya guje maka ba ko ya so, saboda haka kai za ka kauce, kuma kaucewar ba ta isa ba sai ka haɗa da rage gudu, domin igiyar ruwan da jirginka ke tadawa ita kanta makami ce. Ka lura da kwalekwalen da ya ɗauko buhunan hatsi da mata da babur a tsakiya, tsakanin bakinsa da ruwa bai fi tafin hannu ba, ka wuce shi da gudu ko ba ka taɓa shi ba igiyarka za ta iso bayan ka yi gaba ta zuba masa ruwa ciki, kai ba ka ma san abin da ka bari a baya ba. Kuma ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, fulayin bot a rabin gudu, lokacin da bayansa ya nutse goshinsa ya ɗaga, a nan ya fi tada babbar igiya. In za ka rage ka rage gaba ɗaya tun da nisa har jirgin ya kwanta daidai, ka lallaɓa ka wuce, ka waiwaya ka ga lafiyarsu sannan ka ƙara.

Taru kuma ba a ganinsa, alamarsa kawai ake gani. Za ka hango robar lemo ko jarka ko gutsuren silifas suna yawo a layi ɗaya, wannan ba shara ba ce, igiya ce a ƙasa mai tsawo. Ka bi ta kai farfela ta naɗe ta, ka yaga wa bawan Allah tarun da ya tara kuɗi ya saya, kai kuma injinka ya tsaya a tsakiyar ruwa. Ka rage, ka ɗaga masa hannu, Baba sannu da aiki ta ina tarun ya bi, zai nuna maka da filafili inda za ka zagaya. In kuma ƙaddara ta sa ka yanka kar ka gudu, kashe inji ka ɗaga shi ka warware a hankali, ka nemi mai shi ku daidaita. Kuma in baƙon wuri ne kai, je ka gaida Sarkin Ruwa ko dattawan kwata tun kafin ka shiga, su suka san inda kututture yake a nutse da inda yashi ya taru bana, musamman tafkunan dam irin Kainji da ruwa ya rufe itatuwa da garuruwa. Inda mata ke wanki da wanka a bakin ruwa ka yi nesa da su kuma a sauke wayoyi, inda yara ke iyo ma haka, kan mutum a ruwa ƙarami ne ƙwarai ba a ganinsa sai an zo dab.

A wuri mai matsi ka riƙe gefen damanka. Ƙaramin jirgi da bai kai mita 20 ba, da mai ƙyalle, doka ta hana su tare wa babban jirgin da ba zai iya fita daga zurfin hanyar ba, nan duk maganar ta dama ya fito ko ta hagu ya fito ba ta taso ba. Mai zuwa Tarkwa Bay dole ya ratsa hanyar da manyan jiragen kaya ke bi zuwa Apapa, irin waɗannan in suna da lodi sai su ci fiye da kilomita kafin su tsaya, kuma matuƙinsu yana can sama a baya, akwai ɗaruruwan mitoci a gabansa da ba ya gani sam. Kar ka taɓa giciye gabansu, jira ya wuce ka yanka ta baya da nisa, ka tari igiyarsa da goshi a ɗan karkace da ƙaramin gudu, kar ka ba ta gefe. A kogi kuma mai gangarowa da ruwa ya fi wahalar tsayawa, in za ku haɗu a matsi ko ƙafar gada kai mai hawa ka dakata ya wuce.

Hon ma magana ce, ba a busa shi don nishaɗi. Gajere ɗaya yana nufin na karya dama, biyu na karya hagu, uku na sa ribas, biyar ko fiye ban gane me kake yi ba ko akwai haɗari. Dogo ɗaya na daƙiƙa 4 zuwa 6 kuma shi ake yi in an tunkari kwanar da ba a ganin bayanta, wanda ke can ya amsa da irinsa. In hazo ya rufe, mai inji da ke tafiya ya dinga yin dogo ɗaya aƙalla duk minti 2. Ba ka da hon, sayi usur ka rataya.

Maganar dare gajeriya ce, kar ka fita. NIWA ta hana tafiyar dare kuma tana da hujja, haɗarin Patigi a jihar Kwara a watan Yunin 2023 da ya ci sama da mutum 100 'yan dawowa daga biki cikin dare ya faru. Amma inji na iya ɓata maka lokaci magariba ta same ka, don haka ka san fitilu. Ja a hagun jirgi take, koriya a dama, fara a baya da kuma sama. Ka ga jar fitilar wani tana giciye gabanka kai za ka kauce, ka ga koriya riƙe hanyarka da lura, ka ga ja da koriya tare toh kanka ya nufo, karya dama. Fara ita kaɗai ko bayan jirgi ne, ko wanda ya jefa anga (ƙarfen da ke riƙe jirgi wuri ɗaya), ko ƙaramin jirgi, duk dai kauce. Kwalekwale kuwa mafi yawa ba su da komai, kai ma in a cikinsa kake kar ka rasa tocila mai kyau da za ka haska da wuri, amma ka haska jikin jirginka ko ruwa, kar ka dalle idon matuƙin da ke zuwa.

Mu koma bakin kwata. Rigar ruwa kowa sai ya sa kafin a tada inji, har wanda ya ce ya iya iyo, domin iya iyo ba ya amfani in kai ya bugu da katako ko mutum uku sun riƙe ka. A ɗaure ta tamau, gwajinta shi ne ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga, in ta haura kunnuwa ta yi yawa. Yaro a ba shi ta yara mai igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu, ta manya zamewa zai yi ta ƙasa ya bar ta tana yawo. A sa ta a saman kaya, Hajiya a tattare hijabi da zani kar su yi jan ƙasa kusa da inji, babbar riga a cire a ninke, kuma dan Allah kar a shiga da goyo a baya, a sauke yaro a sa masa tasa rigar a riƙe shi. A shiga ɗaya bayan ɗaya, a taka tsakiya, a zauna inda direba ya ce don nauyi ya daidaita, ba tashi tsaye don hoto, ba kowa ya ruga gefe ɗaya don an ga kifi. Lodi kuwa in direba ya ce ya isa ya isa, in kuma shi ne yake ƙara mutane kai ka sauka da iyalinka ko kuɗinka zai tafi. Mutanen Kano ba za su manta da ranar 30 ga Nuwamba 2021 ba, jirgin da ya taso daga Badau a dam ɗin Watari na Bagwai ya nutse, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi, Allah ya jiƙansu, lodi ya fi ƙarfin jirgin.

Kai direba akwai wata 'yar igiya ja mai lanƙwasa a jikin makunnin inji, mutane na naɗe ta su bar ta tana lilo. Ɗaura ta a ƙafarka ko hannunka, in igiyar ruwa ta wurgo ka waje ita za ta fizge ta kashe injin, in ba haka ba jirgin zai yi ta zagaye ba matuƙi farfela na neman wanda ke cikin ruwa. Mai ka raba shi uku, kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ajiya. Ba a zuba mai inji na aiki, ba sigari kusa da jarka. Ka tafi da filafili ko da inji sabo ne, da abin kwarfe ruwa, da doguwar igiya, da anga, da waya cike da caji a ƙulle cikin leda, lambar gaggawa a Najeriya 112 ce, a teku kuma tasha ta 16 a rediyon jirgi. Ka faɗa wa wani a tudu inda za ku da ƙarfe nawa za ku dawo da ku nawa ne. Wanda ya sha ƙwaya ko giya ba ya riƙe jirgi, kuma in ka ga idon direban haya bai yi maka ba ka fasa. Ledar fiya wata a tara a jirgi, banda ƙazanta tana toshe inda inji ke shan ruwa ya yi zafi ya mutu.

Da damina ka dinga duban gabas, hadarinmu ta can yake tasowa kuma iskar ce ke riga ruwan isowa, tafki da yake kwance lumui cikin 'yan mintoci sai ya haukace, kana ganin ya haɗo ka nufi tudu mafi kusa ba sai kwatar da ka taso ba. Kusa da bangon dam da inda ake sakin ruwa ba wurin zuwa ba ne. Inda aka ce akwai dorina, irin Dadin Kowa a Gombe ko Ayoru a Nijar, daga nesa ake kallo, kar ka shiga tsakaninta da zurfin ruwa balle tsakaninta da ɗanta.

In wani ya faɗa ruwa, wanda ya gani ya yi ihu ya nuna shi da hannu kar ya ɗauke ido ko sau ɗaya, a jefa masa duk abin da ke yawo a ruwa ko jarka ce mai murfi, direba ya zagayo a hankali ya tunkare shi yana fuskantar iska ko jan ruwa, yana isa ya kashe inji kafin a jawo shi. Kar kowa ya yi tsalle ya bi shi in dai ana iya miƙa masa filafili ko igiya. In jirgin ne ya kife kuma bai nutse ba ku riƙe shi ku ƙirga kanku, ya fi kan mutum saurin ganuwa, tudu kuma ya fi yadda ido ke nunawa nisa. Ka ga wani a jirgi ya miƙe hannayensa biyu gefe yana ɗagawa yana saukewa a hankali, ba gaisuwa yake ba taimako yake nema, kuma wajibi ne ka je in dai ba za ka jefa naka mutanen cikin haɗari ba.

Wajen dawowa ka rage tun daga nesa, ka bar masu fita su fita kafin ka shiga, ka tunkari kwata kana fuskantar jan ruwa ko iska don su taya ka tsayawa. Ka gargaɗi fasinja kar wanda ya sa hannu ko ƙafa tsakanin jirgi da bango wai zai tare, yatsu ake rasawa a nan. Kowa ya zauna sai an ɗaure jirgi an kashe inji, a fita ɗaya ɗaya yara a miƙa su hannu da hannu, rigar ruwa sai an taka tudu ake cirewa, kana gama sauke mutane ka matsar da jirginka ka ba na baya wuri.